Daga Salansa Ake Fara Ciniki

A filayen sayar da motoci na bakin manyan titunan Kano, aiki yakan fara tun da hantsi. Yara na wanke ƙurar dare, dillalai na zaune a benci ƙarƙashin rumfa, makullai jingim a hannu. Yawancin motocin 'yan Beljiyam ne, ko da kuwa daga Amurka aka yo odarsu. A da ta Kwatano suke kwararowa, sai gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, hankali ya ƙara karkata ga tashar jiragen ruwa ta Legas.

Baƙon ciniki gaban mota yake nufa, yana shafa fenti. Ɗan gari kuwa baya yake zagayawa ya tsuguna. A Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake wa laƙabi da Muscle, bakin salansa ɗaya na nufin inji mai fulogi huɗu, lita 2.4. In biyu ne, hagu da dama, to mai fulogi shida ce, lita 3.5. Daga nan sai ƙafa. Ƙirar LE takan zo da wilin ƙarfe an rufe shi da marfin roba, XLE da wilin alminiyam da fitilun hazo a bamba, ita kuma SE bakinta baƙar raga ce mai kama da saƙar zuma, jikinta da siket. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 ma haka take: LX marfin roba, EX wilin alminiyam da rufi mai buɗewa. Gogaggen dillali kafin ka gama sallama ya gama wannan lissafi.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, salansa biyu ta rage farin jini. Mai saye na hango ta sai ya ja da baya.

"Alhaji, ai ba ta shan mai yadda ake faɗa."

"A'a, malam, nuna mini mai huɗun."

Sai dai duk waɗannan alamu na sayarwa ne. A kasuwar Ƙofar Ruwa za ka samu bamba da fitilu da wili, har da harufan XLE da ake mannawa a but. Cikin kwana biyu a yi wa ƙirar 2007 kwaskwarima ta fito da fuskar 2010. Gyaran ba laifi ba ne, ɓoye shi ga mai saye ne cin amana, kuma dillalan kirki, waɗanda suke da yawa a harkar, su ne ke kwana a ciki in an yi musu kuɗin goro.

Shi ya sa mai hankali yakan leƙa lambar chasis ta ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba. Harufa da lambobi 17 ne. Na goma yana faɗin shekara, 7 ita ce 2007, A kuma 2010. A Camry ƙirar Amurka ta waɗannan shekarun, na biyar yana tona inji: E lita 2.4, F lita 2.5, K fulogi shida. Sai an gwada wannan da takardun kwastan, makanike ya buɗe bonet ya saurari inji, sannan a zauna a benci a fara tayi, ana albarka, har a kai ga sallamawa da maganar la'ada.