Gayya A Cikin Waya: Yadda Ake Kulle Saƙon Kuɗi Da Sauri

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci. Manoma daga Gagarawa Tasha da Gumel da Sule Tankarkar sukan kai riɗi da zoɓo da dabbobi. Tun ƙarancin takardun Naira na shekarar 2023, da yawansu ta waya ake biyansu. To, me ke hana ɓarawo tare kuɗin a hanya?

Idan mai saye ya tura kuɗi ta manhajar banki, saƙo ne yake tashi daga wayarsa. Kafin ya tashi, sai wayar ta kulle shi. Wato ta hargitsa haruffa da lambobinsa, su zama shirme. Kwamfutar banki tana da mabuɗi, ita ke warware shi.

Kullen da aka fi amfani da shi sunansa AES. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Beljiyam ne suka ƙirƙiro shi. Gwamnatin Amurka ta amince da shi a shekarar 2001. Yakan yanka saƙo gutsi-gutsi, kowane gutsure kamar haruffa 16, sannan ya kulle su.

Kulle kuwa yana cin lokaci. A tsohuwar hanya, ba a kulle gutsure na biyu sai an gama na farko, domin an sarƙa su da juna. Kamar mutum ɗaya ne yake nome gona, kunya bayan kunya.

Sai masana suka koma ga dabarar gayya. Aka ba kowane gutsure lambarsa. Da lambar nan da mabuɗi ake kulle shi, ba ya jiran na gabansa. Saboda haka ana kulle gutsattsari da yawa a lokaci ɗaya. Lambobin ne kuma ke sa kowanne ya koma gurbinsa. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Su wa ke zuwa gayyar? Ƙwaƙwalwar waya tana da sassa masu aiki tare. Wayoyi da yawa suna da takwas. A shekarar 2010 kamfanin Intel ya fito da ƙwaƙwalwar kwamfuta mai sashe na musamman don aikin AES. A shekarar 2018 kuma aka kafa sabuwar ƙa'idar tsaron intanet mai suna TLS 1.3, wadda ta ajiye tsohuwar hanyar. Wannan na taimaka wa kwamfutar banki ta saurari mutane masu ɗimbin yawa a lokaci guda.

Amma akwai gargaɗi. Kulle yana tsare saƙo ne a hanya kawai. Wanda ya ba wani lambar sirrinsa, ya miƙa wa ɓarawo mabuɗin rumbunsa. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi wannan lamba. Mai sayarwa kuma kada ya saki kaya sai ya duba asusunsa da kansa, ya ga kuɗi sun shiga.