Kiran BIOS Daga Yanayin Kariya: Me Ya Tabbata, Me Aka Ƙara Wa Gishiri?

Masu koyon harshen C a kan DOS sukan ji ana cewa da zarar manhaja ta shiga yanayin kariya (protected mode), to ita da BIOS sun yi hannun riga. Wannan magana ba haka take ba, ko da yake tana da tushe. Firosesar Intel 80286 ta 1982 ba ta iya komawa yanayin asali (real mode) sai an sake tayar da ita. Da 80386 ta fito a 1985, komawar ta zama abu mai sauƙi.

Abin da ya tabbata shi ne, lambobin BIOS an rubuta su ne don yanayin asali, kuma teburin katsewa da ke farkon ma'adana ba shi firosesa ke dubawa a yanayin kariya ba. Shi ya sa ake bukatar ɗan tsakani. Ƙa'idar DPMI, wadda ta fito a 1990, ta tanadi aiki mai lamba 0300h a ƙarƙashin INT 31h: ka cika rajistoci, mai masaukin DPMI ya sauka yanayin asali, ya yi kiran, ya dawo maka da sakamako. A DJGPP, manhajar harhaɗa C ta DOS, wannan shi ne aikin __dpmi_int.

Wasu kuma suna cewa ba sai an wahala ba, a rubuta INT 10h kai tsaye kawai. Rabin gaskiya ce. Idan rajistoci kaɗai kiran yake bukata, kamar sa 0013h a AX don buɗe allo mai launi 256, zai yi aiki, domin mai masaukin yana miƙa kiran ƙasa. Inda gizo ke saƙa shi ne kiran da ke bukatar adireshi. Abin da malloc ya ba ka yawanci yana sama da megabait 1, BIOS kuwa ganinsa bai kai can ba. Ka miƙa masa wannan adireshin, ko dai kiran ya faɗi, ko ya yi rubutu a inda ba a aike shi ba. Dole ka nemi wuri a ƙasan megabait 1, ko da aiki na 0100h ko da ma'ajiyar da DJGPP ya tanada, ka kwafe bayanai da dosmemput, ka ɗauko amsa da dosmemget.

Batun cewa dabarar tana aiki a kowace kwamfuta kuwa, ƙarya ce. Windows mai bit 64 ba ya gudanar da manhajojin DOS. Mai son gwaji ya nemi DOSBox.