Ruwan da ke Shigowa ta Gefen Taga

Hadari a Gusau daga gabas yake tasowa, iska na gabansa, shi ya sa ruwan ba ya sauka a miƙe, bango yake duka. Wanda ya zaga Tudun Wada ko Samaru a watan Agusta zai ga shaida a ƙarƙashin tagogi: fenti ya kumbura, filasta tana zuba, ɗaki na warin danshi. Maigida ya ce ai damina ce. A ganina laifin na aikin gini ne.

Tun da Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996, ginin bulo da siminti ya yawaita, har a Tsafe da Bunguɗu, manyan tagogin ƙarfe da alminiyum suka maye gurbin 'yar tagar gidan ƙasa. Maginan da sun san halin ruwa. Taga ƙarama suke yi can sama a bango mai kauri, indararo ya jefa ruwa nesa, sannan a yi yaɓe da makuba kafin damina ta faɗi. Yau kuwa ana yayin rufin da ake ɓoye kwanonsa a bayan bango, sai taga ta rasa abin da zai kare ta daga sama.

Babbar ɓarakar tana inda firam ya haɗu da bango. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, ƙarfe ya buɗe da rana, ya tsuke da dare, simintin da aka cusa a gefensa ya tsage. Tsagar ba ta kai kaurin zare ba, amma ta ishi ruwa hanya. Idan birkila ya shafe gindin tagar a kwance, bai ba shi gangara zuwa waje ba, ruwan zai kwanta har bulo ya sha. Tagar alminiyum kuma tana da 'yan ramuka a ƙasanta na fitar da ruwa, ƙurar hunturu ce ke toshe su, tsinke ya isa ya buɗe su.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sake fenti a kan jiƙaƙƙen bango. Danshin yana nan a ciki, ƙarfe na tsatsa, gara na bin katako, funfuna na tayar wa yara da masu asma tari, ga wayar lantarki da aka binne a bangon.

Lokacin gyara rani ne, bayan bango ya bushe. A kankare tsohon siminti, a cike tsagar da silikon daga waje, a gyara gangarar, a yanka ɗan kwari a ƙarƙashin bakinta don ruwa ya ɗiga ƙasa. Tagar gabas kuwa a yi mata 'yar rumfar kwano ko ta kankare, sannan a kira mai fenti.