Kundin Kakanninmu: Tarihin Da Gara Ke Cinyewa

A farkon watan Fabrairu na 1903, rundunar Kanar Morland wadda ta taso daga Zariya ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, sannan ta ci birnin Kano ranar 3 ga watan. Kusan duk abin da muke karantawa game da wannan rana daga alƙalamin waɗanda suka harba igwar ya fito. Amma ina matan Bebeji suka ɓoye 'ya'yansu? Wa ya koma ya buɗe rumbu bayan ƙura ta lafa? Rahoton soja bai damu da wannan ba.

Abin da ya tuna mini da wannan giɓi shi ne kundin kakana, wanda na tsinta cikin wata adaka a gidanmu na ƙasar Ƙiru. Tsakanin addu'o'i da laƙanoni, marigayin ya riƙa rubutawa da ajami ranar haihuwar kowane ɗa, da sadakin 'ya'yansa mata, da kuɗin tiyar dawa a farin 1973. A wani shafi ya rubuta ranar da ɗansa ya tafi yaƙin basasa a 1967, a ƙasa kuma ramcen da ya ci don yi wa matar ɗan hidimar suna. Yaƙi da tukunya a shafi guda!

Masana sun san darajar irin wannan shaida. Labarin da Baba ta Karo ta bai wa Mary Smith, wanda aka buga a 1954, har yau ana dogaro da shi, domin ya haɗa hare-haren kamun bayi da zancen aure da zaman kishi. A matsayina na ɗalibin harshe kuwa, na ga kalmomi a kundin nan waɗanda ba na jin su a bakin matasa.

Ina kyautata zaton akwai irinsa a gidajen malamai na Tudun Wada da Doguwa, yankin da ya sha hare-haren Ningawa a ƙarni na 19. Sai dai gara da ɗigon damina ba sa jiran kowa; kashi ɗaya cikin uku na namu ya riga ya tafi.

Don haka ina kira ga Jami'ar Bayero da Gidan Ɗan Hausa su shiga ƙauyuka su ɗauki hoton waɗannan takardu, da yardar masu su. Kai kuma mai karatu, in ka je gida da salla, ka tambayi adakar tsohonku. Allah Ya sa mu dace.