Daga Kangon Kinosos Zuwa Ƙauyen Makiyaya

Tsakanin Hirakliyon, babban birnin tsibirin Kirit na ƙasar Girka, da Kinosos bai wuce kilomita biyar ba. Tun kafin motar ta tsaya jagoranmu ya buɗe da tatsuniya: wai Sarki Minos ya sa an gina masa gida mai lunguna da saƙo-saƙo wanda in ka shiga ba fita, ya ajiye dodo mai kan bijimi a ciki, ana kawo wa dodon samari bakwai da 'yan mata bakwai daga Atina. Wani mai suna Tisiyas ne ya kashe dodon, ya fito yana bin zaren da Ariyadne, 'yar sarkin, ta ba shi. Wata dattijuwa cikin ayarinmu ta ce ita dai a nuna mata ƙofar ramin.

Ba rami, ba dodo. Kangon fada ne mai ɗakuna barkatai, da rumbuna jere da manyan tuluna na man zaitun da hatsi. Wani ɗan Hirakliyon, Minos Kalokerinos, shi ya fara tona wurin a 1878, sannan Baturen Ingila Arthur Evans ya karɓa a 1900, ya tayar da wasu sassan da siminti, ya shafa wa ginshiƙai jan fenti. Ni kam kwalliyar ta yi mini yawa.

Sai washegari, da muka hau zuwa Anogiya a gindin dutsen Siloritis, na ga abin da ya kai ni. Dattawa ne zaune a ƙofar gidan shayi, baƙar riga, dogon takalmi, gashin baki murɗaɗɗe, a kansu wani saƙaƙƙen baƙin ƙyalle mai tuntaye da ke lilo a goshi. Sariki suke ce masa, tuntayen kuma wai hawaye ne na shekarun da tsibirin ya yi a hannun Daular Usmaniyya. Garin ya san kuka: a watan Agusta na 1944 sojojin Jamus suka ƙone shi ƙurmus.

A nan baƙo ba ya wuce tebur haka nan. Abin tarbarsu tsikudiya ce, wata farar barasa ta tukar inabi, kuma ƙin karɓa kusan cin fuska ne. Na dafa ƙirji na ce addinina ya hana. Tsohon da ya miƙo mini ya dube ni jim kaɗan, ya kira yaro, sai ga shayin ganyen dutse da zuma da yankan cukun tumaki.

Da yamma aka ɗauko lira, mai tsirkiya uku, ana kafa ta a gwiwa ana goga ta kamar kukuma. Sai mantinada: baiti ne mai ɗango biyu masu amsa-amo, kowane gaɓa goma sha biyar. Wannan ya jefa, wancan ya mayar masa nan take, zambo ko soyayya ko makoki, wanda ya yi nauyin baki ya sha dariya. A biki, in ji su, haka ake kwana, ga shinkafar da aka dafa da romon akuya, ga harbin bindiga sama duk da doka ta hana. Da muka gangaro, dattijuwar nan ce ta riƙa ƙirga mana hudojin harsashi a jikin allunan hanya.