Yini Guda a Fadamar Argungu, Ba Ranar Biki Ba

Yawancin mutane sun san kogin Matan Fada ne a ranar bikin kamun kifi, lokacin da dubban masunta ke auka masa da homa da gora. Ni kuwa na fi son kogin bayan baƙi sun watse, domin a lokacin ne yake nuna abin da ke cikinsa. Gulbin Rima, bayan ya haɗu da na Sakkwato, yakan bazu cikin fadama mai faɗi daga Argungu zuwa Birnin Kebbi kafin ya gangara Kwara. Idan ambaliyar damina ta fara janyewa, sai tuddai su fito tsakiyar ruwa, su zama ƙananan tsibirai inda masunta ke kafa tunga, tsuntsaye kuma su sauka kiwo.

Wanda ke son kallo sai ya yi sammako. Bayan sallar asuba ake samun mai kwalekwale a bakin mashaya. Na katako nake ɗauka, mai tafiya da gora da filafili, domin ƙarar inji tana korar komai tun daga nesa. A kan ganyen bado za ka ga ƙananan tsuntsaye masu dogayen yatsu suna takawa ba sa nutsewa. Zalɓe na tsaye a gefe yana dakon kifi, kirinjijiya na tashi garke-garke da fito, balbela kuwa na bin shanun Fulani. A watannin hunturu akwai baƙin tsuntsaye daga Turai, waɗanda suka ƙetare Sahara don gudun sanyin ƙasarsu. Da na yi yunƙurin miƙewa in hangi ɗinya, sai matuƙin, wani dattijo Bakabe, ya ce, "Zauna, yaro, jirgi ba ya son mai tsaiwa."

A tsibiran teku masu yawon buɗe ido kan sa tabarau da bututun numfashi su leƙa kifi. Ruwan Rima jawur yake da laka, ido ba ya aiki a ciki. Bakabe da hannu yake gani. Yakan nutse ya lalubi ramuka da gindin ciyawa, ya bambance tarwaɗa da ƙarfasa tun bai fito ba, ya san ƙayar kurungu, ya kauce wa minjirya mai jan wuta. Wannan gwaninta ce ake nunawa a wasannin Kabanci lokacin biki: kamun kifi da hannu, kamun agwagwar ruwa, gasar nutso da tseren kwalekwale. Baƙo kada ya gwada. Akwai kada a ruwan, kuma ba banza ba Sarkin Ruwa ne ke fara ba da izini kafin kowa ya shiga ranar su.

Tarihin bikin sananne ne. A 1934 aka shirya shi don tarbar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, alamar an binne tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Amma giwan ruwan da ake ɗorawa a sikeli yana girma ne saboda dokar da ta hana su a Matan Fada sauran watannin shekara, da kuma ambaliyar da ke bai wa kifi wurin ƙyanƙyasa. Madatsun Bakolori da Goronyo sun sauya yadda ruwan ke zuwa, noman shinkafar rani kuma yana ci gaba da cin fadama. Duk shekarar da ruwa ya gaza, masunci da tsuntsu tare suke ji.

Idan rana ta take, sai a fito a ci gasasshen kifi, a ƙarasa yinin a Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da Yakubu Nabame ya gina. Shawarata biyu ce. Ka nemi rigar kariya kafin ka hau, domin haɗarin jirgin Warra na 2021 ya ishe mu darasi. Sannan ka biya matuƙi haƙƙinsa ba ciniki mai tsanani. Idan masunci ya ga tsuntsu mai rai yana kawo masa kuɗin kallo, zai daina ɗana masa tarko.