Masu Zanen Dodanni: Daga Buhun Fulawa Zuwa Wayar Hannu

Duk wanda ya yi wayo a Zangon Kumasi a ƙarshen shekarun 1980 ba zai manta da hotunan da ake ratayewa a ƙofar gidajen bidiyo ba. Ga maciji mai kai bakwai, ga ƙaton dodo yana aman wuta, ga jarumi riƙe da takobin da ya fi shi tsawo. Mutane da yawa sun kalli waɗannan hotuna, amma kaɗan ne daga cikinmu suka tambayi ko su wa ke zana su.

Asalin abin shi ne, lokacin da kaset ɗin bidiyo ya shigo Gana, sai wasu 'yan kasuwa suka sayi talabijin da na'urar bidiyo da janareto, suna yawo gari-gari suna nuna fim, ana biyan kuɗin shiga. Da yake babu hotunan talla bugaggu, sai suka koma wurin masu zanen allunan aski da rubutun jikin motoci. Mai zane yakan ɗinke buhunan fulawa biyu, ya shimfiɗa, ya zana da fentin mai. An zaɓi buhu ne domin ana iya naɗe shi a yi tafiya, kuma yana jure rana da ruwa. Sau da yawa mai zanen bai ma ga fim ɗin ba, sai dai ya dubi kwalin kaset, sauran kuma ya cike daga kansa. Abin da maigidan bidiyo ke so shi ne mai wucewa ya tsaya, ya biya.

A haka sunayen irin su Joe Mensah da Leonardo da Heavy J suka fito. Amma kafin shekarar 2000 talabijin ta shiga gidaje, hotunan talla na inji suka yi araha, kasuwar ta mutu, masu zane da dama suka koma rubuta alluna. Abin mamaki, a daidai lokacin ne Turawa suka farga da darajar aikin. Wani Ba'amurke, Ernie Wolfe, ya tara hotunan cikin littafi mai suna Extreme Canvas, daga baya kuma wani shago a Shikago, Deadly Prey Gallery, ya shiga ba waɗannan masu zane sabon aiki.

Kumasi dai ba baƙuwa ba ce a harkar zane. Tun 1952 aka ɗauko makarantar zane daga Achimota aka kawo ta nan, wadda yau take cikin jami'ar KNUST. A Suame kuwa, Kwame Akoto, wanda aka haifa a 1950, ya buɗe shagonsa a 1972, ya horar da yara masu yawa. Daga KNUST ɗin ne kuma Eyram Tawia ya fito, wanda shi da Wesley Kirinya na Kenya suka kafa kamfanin Leti Arts a 2009. Sun mai da Ananse jarumin littafin zane da wasan wayar hannu, kuma irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da masu zane.

To, jama'a, a nan ne maganar ta shafe mu. Ananse na Asante ɗan'uwan Gizonmu ne. Muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da Dodo, muna da labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura. Kakanninmu sun zo da su Zango a baka, yau kuwa jikokinsu a Aboabo da Asawase sun fi sanin jaruman Amurka da Japan, domin su ne aka zana musu.

Saboda haka muna kira ga iyaye, idan kun ga yaro yana cika bayan littafinsa da zane, kada ku yi saurin ɗaukar bulala. Ku tabbata ya yi karatunsa na allo da na boko, sannan ku kai shi wurin gwani ya koya, ya haɗa da kwamfuta. Idan 'ya'yanmu ba su zana Gizo ba, wani zai zana shi, ya sa masa sunan da ya ga dama. Allah ya sa mu dace.